Gurnanin Garayar Iliyasu

Zangon Dinya, ta Tsanyawa
Bayan yankan dawa

Zuwa ga Ikrima ɗan Jamil, jikan Iliyasu, a ƙasar Jamus.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyalinka, da fatan sanyin garin nan bai kwantar da ku ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta juya mini baya. Gero ya yi, dawa dama-dama, gyaɗa ce kawai ta ƙi.

Takardarka ta iso. Gwaggonka Asiya ce ta sa aka buga ta a unguwarsu Bacirawa, can birni, ta kawo mini. Wannan amsa da hannuna na rubuta, rubutun yaƙi da jahilci ne, ita za ta ɗauki hotonta ta tura maka. Kada ka sake cewa in karɓi waya. Duk wayar garin nan a shagon jikan Badaru ake yi mata caji, ni kuwa maganata ba ta kwana a gidan Badaru.

Ka ce kana aiki a wani shago inda kuke haɗa akwatin da masu kaɗa jita ke takawa da ƙafa don muryar jitar ta dushe ta yi gurnani. Wato an tura ka karatun lantarki, ka ƙare a ɓata sauti da gangan. Sannan ka ce in ba ka rediyon kakanka ka farke cikinsa, ka cire wasu 'yan abubuwa masu ƙafa uku da ba a yin irinsu yanzu. Ja'iri, sau ɗaya na taɓa ganinka, kana tsumma, kuma gaisuwarka ta fari ita ce in yanka maka abin da ya rage mini na ɗan'uwana? Na riga na ce wa Asiya ta mayar maka da takardarka. Sai ta ce, "Baba, ka dai ji abin da yake yi tukuna." Ta kunna mini a wayarta.

Ikrima, tuwon ranar ban iya cinsa ba.

Bari in gaya maka abin da ubanka bai gaya maka ba, don shi ma yana goye aka yi. Ni da Iliyasu 'ya'yan wa da ƙane ne, amma ɗaki ɗaya muka tashi. Makaɗin garaya ne, kuma a wuyan garayarsa akwai wani ƙarfe mai zobba da wani maƙeri a Minjibir ya ƙera masa. In ya taɓa tsirkiya, ƙarfen nan sai ya amsa da wata ƙara mai kauri, kamar zuma ta taso daga kogon kuka. Abin da na ji a wayar Asiya ke nan. Tun ranar da aka jefa ƙarfen a rijiya ban sake jin irinsa ba.

Ga yadda aka yi. An yi gayya a gonar dagacin wancan zamani. Badaru, yana saurayi, ya bugi ƙirji gaban 'yanmata cewa shi zai fara kai bakin gona. Rana ba ta kai tsaka ba ya yar da garma ya shige cikin dawa, wai kunama ta harbe shi. Matan da suka kawo fura suka tarar da shi kwance a inuwa, ƙafarsa lafiya ƙalau. Kafin magariba Iliyasu ya yi masa take, Wa Ya Bar Garma. Ba ya buƙatar waƙa. Da an ji kiɗan sai dariya, har yara na yi masa fito a hanyar rafi.

Da Badaru ya zama ɗan gaban goshin sabon dagaci, sai ya kai ƙara wai Iliyasu na yi wa 'yan bori kiɗa. Ƙarya ce, Allah Yana gani. Ranar kasuwa, gaban jama'a, Badaru ya fizge garayar, ya ɓalle ƙarfen ya jefa a rijiyar kasuwa, aka hana kakanka kiɗa a ƙasar nan. Shi ya sa ya koma birni ya yi gadi har ya rasu, shi ya sa kuka tashi ba ku san hanyar gonarku ba. Ya bar mini garayar da rediyon. Na kai wa maƙera har na gaji, duk abin da suka ƙera kamar gwangwanin madara yake kuka.

Yanzu waɗanda suka ga gayyar nan duk sun kwanta dama, daga ni sai Badaru. Kullum yana zaune a ƙofar masallaci yana ba yara labarin yadda ya gagari samarin zamaninsa a gona. Kuma an tsayar da magana, bayan ƙaramar sallah za a naɗa shi Sarkin Noma.

To ga sharaɗina. Zan ba ka cikin rediyon. Kai kuma ka haɗa mini akwati guda wanda zai mayar wa garayar nan da muryarta, ya iso kafin naɗin. Ina so rawanin na hawa kansa, taken na shiga kunnensa.

Kakanka,
Dabo

*

Zuwa ga Kaka Dabo,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa cikin girmamawa, tare da yi maka sannu da gwiwa. Mu ma lafiya, sai duhu da ke riskarmu tun la'asar. Maiɗakina tana gaishe da angonta, ta ce in ka yi wasa za ta bar ni ta dawo Zangon Dinya.

Na karanta takardarka ina zaune a bakin aiki, sai da na fita waje na sha iska. Baba bai taɓa ce mana Kaka Iliyasu makaɗi ne ba. Abin da muka sani kawai mai gadi ne, ba ya son hayaniya.

Bari in yi maka bayanin akwatin, don ka san abin da za a yi da kayan ɗan'uwanka. A nan sunansa faz. Ba wani abu ne mai yawa a ciki ba: 'yan ƙafa ukun nan guda biyu, taransista ake ce musu, sai 'yan tarkace kaɗan da batir. Na farko yana karɓar sautin ya tura wa na biyu da ƙarfin da ya fi ƙarfinsa. Na biyun ya rasa inda zai zuba, sai ya datse kan sautin, daga nan gurnanin ke fitowa. Sannan akwai wata 'yar hanya da ke mayar da kaɗan daga na biyu zuwa na farko, don su riƙa riƙe juna. Na zamani suna datsewa ne kamar an sa almakashi. Na zamanin rediyon Kaka kuwa a hankali suke lanƙwasa sautin, shi ya sa Turawan nan ke neman irinsu ido rufe. Da yake garaya ba jita ba ce, sai na ƙara wani ɗan faifai da za a manna a fatarta ya riƙa ɗebo sautin, da wani mataki a gaba da zai daidaita shi.

Ka kai rediyon wurin mai gyara ya cire su a hankali, kada ya bar wuta ta daɗe a ƙafafunsu. Gwaggo Asiya ta san wanda zai taho da su.

Amma Kaka, in ba za ka ce na yi rashin kunya ba: mutumin nan ya tsufa, kai ma haka. Ina so in ji muryar garayar kakana, wallahi ina so. Dole ne sai ranar naɗin? Ba za a iya kaɗa ta a tsakar gida, a ɗauka a turo mini ba?

Jikanka,
Ikrima

*

Zangon Dinya
Ana gobe-gobe a ga watan azumi

Ikrima,

Salamu alaikum. Lafiyata ƙalau, in abin ya dame ka.

Tun sanyi bai kama sosai ba na ɗauki rediyon na hau mota zuwa Tsanyawa, na kai wa Kamilu mai gyara. Ya ce, "Baba Dabo, wannan ai har yanzu yana magana, ka tabbata?" Na ce masa cire. Ina tsaye a kansa ya kwance bayan. Kakanka da kuɗin gyaɗarsa ta fari ya sayo shi, a ka ya ɗauko shi daga tasha, mata na guɗa. A cikinsa muka ji an yi juyin mulki, a cikinsa muka ji yaƙi ya ƙare. Kamilu ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar ƙwayar gujiya, na naɗe su a auduga na sa a kwalin ashana. Da na dawo gida na murɗa shi don in tabbatar. Ko tari bai yi ba.

Na rubuta maka a lokacin cewa a'a, ba a tsakar gida aka ci mutuncin Iliyasu ba, a kasuwa ne, don haka ba a tsakar gida za a rama ba. Na haɗa da kwalin na ba Asiya.

Daga nan shiru. Sanyi ya zo ya wuce, mangwaro ya yi fure ya zubar. Duk ranar kasuwa ina bakin titi ina tambayar direbobi ko an ba su saƙo daga Bacirawa, har sun fara ce mini mai jiran amarya. Gidan Badaru kuwa an yi sabon yaɓe, an ɗinka masa babbar riga.

Na sake ɗauko takardarka na karanta, na ga inda ka ce Turawa na neman irinsu ido rufe. Ashe tun a nan ka gaya mini gaskiya, ni ne ban ji ba. Ka sayar ke nan. Wani Bature yana can yana taka cikin rediyon Iliyasu da takalmi, ni kuma an bar ni da ƙwanso. Tausayin Badaru da ka yi ta kawowa, hanyar zamewa ce kawai.

Badaru ya ɗauke masa ƙarfe, kai ka ɗauke masa rediyo. Shi dai ba jininsa ba ne.

Ba zan yi maka baki ba, don darajar wanda ka fito daga tsatsonsa. Amma ka sani ni ba na mantuwa, duk garin nan shaida ne. Ranar naɗin zan je da garayar haka nan, ko mutum biyu ne suka ji.

Dabo

*

Zuwa ga Kaka Dabo,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah Ya karɓi ibada. Muna lafiya, amma takardarka ta hana ni sukuni.

Kaka, ko ƙwaya ɗaya ban sayar ba. Guda shida suka iso, na auna su duka. Biyu sun mutu, biyu na sa a akwatinka, ragowar biyun suna cikin kwalin ashanarka a aljihun rigata ta Juma'a. Maigidan shagonmu ya yi ta lallashina, na ce masa gado ne.

Akwatin ya daɗe a Bacirawa. Wani abokina ya kai shi tun kafin azumi, tare da takarduna biyu. Jiya na kira Gwaggo Asiya na matsa mata, sai ta fashe da kuka. Ta ce ta karanta abin da kake shirin yi, tana tsoron samarin gidan Badaru su taɓa ka, shi ya sa ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado, wai sai naɗin ya wuce. Na ce mata ni ma ba na son abin, amma ba mu da ikon riƙe maka kayanka. Kada ka yi mata faɗa, don Allah. Da kanta za ta kawo.

Har yanzu ina kan bakana, da ka bari. Amma da na haɗa shi, na manna faifan a wata 'yar molo da na aro, na taɓa tsirkiya, sai da gashin jikina ya tashi. Tun da ka rantse, ga yadda za ka yi.

Batir kawai za ka sa masa, irin mai arha na kasuwa, shi ya fi dacewa da shi. Kada kowa ya ce zai jona masa cajar sola, domin tsofaffin nan wutarsu a juye take, nan take zai ƙone. Maɓallin dama na ƙarfin murya ne, na hagu na gurnani. Kamilu zai nuna maka yadda za a jona shi da lasifika.

Abin da ke damuna shi ne zafi. Tsofaffin taransistan nan suna yoyon wuta kaɗan-kaɗan, in suka ɗumama yoyon sai ya ƙaru, na biyun ya shaƙe. Ni a ɗakin da ake sa rigar sanyi na daidaita shi, ku kuma naɗinku a tsakiyar bazara ne. Ban san yadda zai yi ba. Ka gwada shi da rana kafin ranar.

Ka kula da kanka, tsoho. In an kore ka a guje, gwiwar nan ba za ta kai ka ko'ina ba.

Jikanka,
Ikrima

*

Zangon Dinya
Bayan sallah, ana jiran ruwan fari

Zuwa ga abokina Ikrima, jikan Iliyasu na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da sallah, a gaida amaryata. Ina lafiya, ba wanda ya taɓa ni. Maganar da na yi maka a waccan takarda na janye ta, ka yage ta. Asiya ban yi mata faɗa ba, kwana biyu dai ban amsa gaisuwarta ba.

Akwatinka ya iso. Kamilu ya ara mini lasifika mai caji ya jona mini komai. Da sanyin safiya na gwada a bayan rumbu, na murɗa na hagu har ƙarshe. Ikrima, Iliyasu ne. Har kaji sai da suka watse. Amma da rana ta take na sake gwadawa, sai ya riƙa tusa kamar jakin da ya ci ɗanyen wake, ya yi ɓarɓar ya ɗauke. Na ce to, abin da yaron nan ya faɗa ke nan. Na ɗauko tukunyar da matan gidan nan ke ajiye tumatir, ƙarama a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Na naɗe shi a leda na sa a ciki, na rufe da jiƙaƙƙen buhu, wayoyin na leƙowa. Na ba shi lokaci ya huce. Ya dawo hayyacinsa.

Ranar naɗin na ɗora tukunya da lasifika a baro, na tura da kaina zuwa ƙofar dagaci. Mutane suka ɗauka ruwa nake sayarwa, har wata ta miƙo kofi. Na zauna a gindin darbejiya daga gefen fili. Garin ya cika, ga masu gangar noma, ga baƙi daga Minjibir. Ina kallo aka zaunar da Badaru, aka fara naɗa masa rawani. Na jira har aka soke bakin rawanin, liman ya shafa fatiha. Sannan na taɓa tsirkiya.

Gangunan suka yi shiru. Wata akuya ta tsinke igiya. Kowa ya waiwayo, ni kuwa idona na kansa. Na ga sandar hannunsa ta faɗi, na ga bakinsa ya buɗe. Na ce alhamdu lillahi, ko yanzu aka ɗauki raina na gama.

Sai wani maroƙi, yaron jiya, ya ɗaga murya: "Taken Sarkin Noma! Ku ji taken maza na da!" Samari suka yo kaina da wayoyi suna ihu, mata na guɗa. Ba wanda ya yi dariya, Ikrima. Wa ya sani da zai yi dariya? Masu ganga ma suka kama bin kiɗan. Ina ji ina gani zambon kakanka ya zama kirari.

Badaru ya sa aka miƙo masa sandarsa, ya tashi. Ya tako har gindin darbejiyar, jama'a na buɗa masa hanya, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, har da 'yar rawarsa. Ya sunkuyo kamar zai yi mini godiya, ya sa bakinsa a kunnena.

Ya ce, "Dabo, ka tsufa ba ka iya ba."

Na ce, "Ka dai gane shi, matsoraci."

Ya ce, "A taken, wurin da garmar ke faɗuwa, Iliyasu ba ya sauka kai tsaye. Yakan ɗan tsaya, kamar yana jira in waiwayo, sannan ya sauka kan tsirkiyar ƙasa. Kai gudu kake yi."

Na ce, "Kai wa ya koya maka garaya?"

Ya ce, "Ni aka yi wa. Ina ɗawafi a Makka ma sai da na ji shi."

Ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata. Sai ya miƙe ya juya wa jama'a, ya ce, "Allah Ya yi wa Dabo albarka, ya tuna mana da zamanin da." Aka ce amin.

Na tura barona na dawo gida, na rufe ƙofa. Na zuba wa yashin ruwa, na sake kaɗawa, na tsaya a inda Badaru ya ce. La'ananne, gaskiya ya faɗa. Haka Iliyasu ke yi. Shekara fiye da hamsin ina kaɗa shi a ɗaki ba daidai ba, ni da nake cewa ba na mantuwa, kuma duk duniya ba mai gyara mini sai wanda ya jefa ƙarfen a rijiya.

Asiya ta ce, "To Baba, tun da kun yi magana, ai sai a yafe." Na ce mata wa ya ce mun yi magana? Ya gaya mini inda ke yi masa ciwo ne kawai.

Na ba Kamilu bunsuruna, lasifikar ta zama tawa. Ragowar biyun nan da ke aljihunka naka ne, ka haɗa naka akwatin, ka koya wa 'ya'yanka taken, Asiya ta ɗauka za ta tura maka. Ka gaya musu sunansa na gaskiya da wanda aka yi wa.

Yanzu kullum bayan la'asar nakan fito da tukunyata ƙofar gida, in juya lasifikar ta fuskanci gidan Badaru. Yara na taruwa suna cewa ana yi wa Sarkin Noma takensa, shi kuma dole ya zauna a waje yana amsa gaisuwa, don in ya shige ciki za a tambayi dalili. Daga nan ina hango farin rawaninsa. In na zo wurin tsayawar nan, sai in ga kansa ya ɗago. Ni kuwa sai in ƙara jinkiri a kan na Iliyasu, in bar shi yana jira.

Allah Ya yi maka albarka, Ya raya zuriyar Iliyasu.

Kakanka,
Dabo